Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kula da Tafkin Chadi: Wa ke Auna Ruwan da ke Ƙarƙashinmu?

Zuwa ga Hukumar Kula da Tafkin Chadi,
Birnin N'Djamena.

Dalilin wannan takarda shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda yawancin mutanen yankinmu ke sha, wanda kuma ba kasafai ake jin labarinsa a manyan tarurruka ba.

Tun ranar 22 ga Mayu, 1964, da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka rattaba hannu a Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, suka kafa ku, aka damƙa muku amanar ruwan wannan yanki. Labarin tafkin kansa ya zaga duniya. An san faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, an san yadda farin 1973 ya raba shi biyu, na 1984 kuma ya ƙara tsuke shi. To amma matar da ke Gubio, ko Gaidam, ko Maine Soroa, ba a tafki take cika tulunta ba. Rijiya take zuwa, ko famfon tuƙa-tuƙa, ko ta jira ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa daga wata rijiyar burtsatse. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, mu kuwa mun tona, muna kan tonawa dare da rana. Abin da muka gaza shi ne ƙidaya abin da muke ɗiba da abin da ya rage.

Kun fi ni sanin yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar Borno. Ruwa hawa uku ne a cikinta. Na sama shi ne wanda mahaƙan rijiya ke cimma da hannu, damina da koguna ke ciyar da shi. Na tsakiya da na can ƙasa suna kwance cikin rairayi, yumɓu mai kauri ya danne su, sai an nutsa ɗaruruwan mitoci kafin a taɓa su. Saboda wannan dannewar, da aka fara huda su a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960, ruwan ya riƙa bulbulowa da kansa ba tare da inji ba. Duk wanda ya bi ƙauyukan arewacin Borno ya ga irin waɗannan rijiyoyi: bututun ƙarfe da tsatsa ta ci, ruwa mai ɗumi na kwarara daga bakinsa, ya taru ya zama kududdufi, shanu sun tattake gefensa, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani. Da yawansu an bar su a buɗe shekara da shekaru, ba makunni. Yau wasu tsiyaya kawai suke yi, wasu kuma sun yi shiru, sai an sa musu inji.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne shekarun wannan ruwa. Masana da suka gwada shi sun gano cewa ya shiga ƙasa ne kimanin shekara 20,000 da suka wuce, a wani zamani da yanayin yankin ya bambanta da na yau. Daminar bana ba za ta mayar da shi ba, ta baɗi ma haka. Rumbu ne muka gada a cike, kowa na zura hannu ta ƙasa yana ja, ba wanda ya hau ya leƙa ta sama.

Na san akwai labari mai daɗi, kuma ban raina shi ba. Taurarin ɗan'adam na GRACE, da aka harba a 2002 aka kuma sabunta su a 2018, suna auna canjin nauyin ruwa a doron ƙasa, kuma sun nuna cewa ruwan da ke ajiye a yankin ya ƙaru a shekarun baya-bayan nan. Ambaliyar 2022, da ta Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe unguwannin Maiduguri, sun isa shaida cewa sama ta buɗe. Sai dai tauraron jimla yake bayarwa ta yanki mai faɗin gaske. Ba ya bambanta ruwan fadama da na hawa na uku. Na sama zai iya hauhawa alhali na ƙasa na raguwa, lissafin kuma ya fito da riba. Mai yanke shawara ya duba ya ce lafiya lau, a ƙara haƙa. Ba abin da zai warware wannan sai rijiyar awo.

Aikinta kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Siririn bututu ne da aka nutsa zuwa hawa guda, ba a ɗibar ruwa a cikinsa, an rufe bakinsa da kwaɗo. Ma'aikaci ya zo a kan babur, ya buɗe, ya zura awo mai na'ura a bakinsa, yana sakin igiya a hankali har ta yi ƙara alamar ta taɓa ruwa. Ya duba lamba, ya rubuta kwanan wata da zurfi a littafi, ya rufe ya tafi. Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Darajarsa na cikin maimaituwa, wata bayan wata, shekara ashirin, shekara talatin, ba tare da giɓi ba. Giɓin da aka bari kuwa ba ya cikuwa, domin ba mai komawa baya ya auna ruwan da ya wuce.

Yankin nan ya taɓa biyan kuɗin gajeren lissafi. Babban aikin noman rani da aka gina a yankin Marte a shekarun 1970 an tsara shi ne bisa tafki mai cika, tafkin ya ja baya ya bar magudanai a bushe. A yamma kuma, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke malala a dausayin Haɗeja da Nguru, ita ce kuwa ke jiƙa ƙasa ta ciyar da rijiyoyin da ke bin Komadugu Yobe har zuwa gonakin tattasai na Diffa. Abin da aka tare a Kano, rijiyar manomin Nijar ce ke jin sa. Babu wata jiha ko ma'aikatar ƙasa ɗaya da ke iya ganin wannan hanya daga farkonta zuwa ƙarshe. Ku ne kaɗai aka ɗora a inda za a hango ta duka, shi ya sa na rubuto muku.

Ba na cewa kun naɗe hannu. An san aikin da kuka yi da cibiyar binciken ƙasa ta Jamus, BGR, wajen ɗibar samfurin ruwa da zana taswira. An san binciken da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta jagoranta daga 2012 zuwa 2017 a ƙasashen Sahel 13, wanda ya haɗa da yankinmu. A 2012 kuma shugabannin ƙasashenku sun amince da Yarjejeniyar Ruwa da ta wajabta musayar bayanai. Na kuma san tun da rikici ya ɓarke a 2009 akwai wuraren da ma'aikaci ba ya iya takawa sai ya sayar da ransa. Amma shirin masu ba da tallafi yana da ranar ƙarewa, ɗibar ruwa kuwa ba ta da ita. A daidai waɗannan shekaru ne jama'ar da rikici ya kora suka cika Maiduguri, aka yi ta huda rijiyoyi cikin gaggawa don ceton rai. Ga famfon sola ya yi araha, wanda ba ya jiran kuɗin mai, muddin rana ta fito yana ja.

Roƙona gare ku shi ne ku ɗauki awon nan a matsayin aikin dindindin, da kasonsa a kuɗin da ƙasashe ke zuba muku. Ku nemo tsofaffin alƙaluma, irin rahoton 1968 da masana ƙasa na Amurka da na Najeriya suka fitar a kan masarautun Borno da Dikwa, a koma kan waɗancan rijiyoyi a sake auna su, mu ga nawa aka yi asara. Waɗanda har yau ke zuba a banza a sa musu makunni, bayan an zauna da makiyayan da suka dogara da su, don kada gyara ya zama cuta. Inda ma'aikacinku ba zai iya zuwa ba, akwai malamin makaranta, akwai mahaƙin rijiya da ya san zurfin kowace rijiyar garinsu gaba-gaba, ya san wadda ta koma zartsi da shekarar da ta koma. A ba shi awo da ɗan alawus, ya turo lamba ta waya.

Sannan abin da aka auna a dawo mana da shi. Rahoto da Faransanci da Ingilishi ba ya isa ga mai unguwar da ake neman izninsa kafin a kafa injin haƙa. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a karanta a gidajen rediyo da Kanuri da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa: ruwan yanki kaza ya hau da kaza, na yanki kaza ya sauka da kaza, hawa kaza a yi hattara da shi. A kuma liƙa takardar a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, inda mai niyyar haƙa rijiya zai gan ta kafin ya biya kuɗin inji.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana.

Wassalam.
Naku,
Wani ɗan yankin tafki.