Wasiƙa daga Manchesta: Safar da ta fi ni gata

Manchesta, Ingila
Watan Disamba

Zuwa ga taubashina,

 Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Gwaggo da duk mutanen gida. Ya sanyi? Ya sana'a? Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu daga Ƙaura zuwa Shinkafi har Zurmi, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.

Saƙonka ya iso. Na ji kana bazawa a majalisar bakin tasha cewa ubangidanka ya zama babban ma'aikaci a Turai, manyan motoci na layi suna jiran sa. Ba ka yi ƙarya ba, layi suke yi. Abin da ba ka sani ba, bokiti ne ofishin. Sana'arka ta wankin mota da nake yi maka dariya a kanta, ita na hau jirgin sama na zo na tarar tana jirana. Kada ka yi murna tukuna, domin ko a nan na fi ka: kai da tsohuwar singileti kake wanki, ni da safa.

Safar hannu ce ake zura hannu ciki har wuyansa, bayanta duk siraran igiyoyi masu laushi sun yi cirko-cirko kamar dafaffiyar taliya. Zarenta na roba ne, haɗin foliyesta da nailan, siriri ƙwarai. Amfanin igiyoyin shi ne su ɗauke yashi daga jikin mota su ɓoye shi a tsakaninsu, maimakon a riƙa jan sa a kan fenti. Maigidanmu ya ce fentin mota yana da wani shafi mai sheƙi a samansa wanda kaurinsa bai kai silin gashi ba, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta zana masa layi. Zanen nan mai zagaye da kake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haske ta, wanda kuke cewa tsufa ne, wallahi aikin singiletinka ne.

Mutanen nan ba sa wasa da wannan. Akwai wani dattijo mai baƙar mota da ke zuwa da tocilan a aljihu. Idan mun gama sai ya durƙusa, ya haska ƙofa, ya karkata kai, ya bi ta da ido tun daga fitila har wajen zuba mai. Ni kuwa ina tsaye ruwa na ɗiga daga hannun rigata, ina karanto duk addu'ar da na iya. Bai taɓa tambayata ko na karya kumallo ba, amma ya taɓa tambaya ko safar ta kwana a bushe.

Ga yadda ake hidimar ta, ka saurara ko Allah Ya sa ka ƙaru. Bokiti biyu ake ajiyewa, ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ɗauraya. A gindin na ɗaurayar akwai wata ragar roba. Duk sa'ad da ka wanke ɓangare guda na mota, sai ka tsoma safar ka goga ta a kan ragar, yashi ya zube ya kwanta a ƙasa inda ba zai sake tasowa ba, sannan ka koma bokitin kumfa. Daga rufin mota ake farawa a gangaro, don dattin ya fi yawa a ƙasa. Taya da wili kuwa safarsu daban, launinta ma daban, saboda baƙar ƙurar birki ɓarɓashin ƙarfe ce. Idan safa ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ta gama aiki a ranar, sai an wanke ta. Ni idan na zame na faɗi, cewa ake in tashi, mota na jira.

Yanzu lokacin sanyi aikin ya ninka, domin gishiri ake watsawa a titi don kada ƙanƙara ta daskare. Ka ji fa, gishiri! Daga wata mahaƙa a garin Winsford, kudu da nan, ake tono shi a ƙarƙashin ƙasa, jaja-jaja da shi kamar tsakuwa, manyan motoci na bi suna fesawa da dare. Kada ka gaya wa Gwaggo, ba za ta yafe masu ba. Duk abin nan a jikin motoci yake ƙarewa, daga nan ya koma cikin safata.

Da an tashi aiki, kafin in nemi abin da zan ci, sai na yi wa gimbiya wanka. Ina juya ta a ƙarƙashin famfo, ina buɗa igiyoyin da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ina tsince 'yan tsakuwa da ɓurɓushin ganye da suka maƙale a gindinsu. Sannan a saka ta injin wanki da ruwan ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba, da sabulun ruwa kaɗan. Garin omo ba a so, don wani lokaci ba ya narkewa duka, ya maƙale a zaren. Bilic yana cin ta. Ruwan nan mai ƙamshi da ake zubawa don tufafi su yi laushi shi ma an hana, yana toshe zaren ta daina shan ruwa. Babban laifi kuma shi ne a haɗa ta wanki da kayan auduga, domin duk gashin tawul sai ta kwashe shi ta je ta shafa wa motar mutane.

Wannan dokar ta auduga ce ta fi ba ni haushi. Garin nan da auduga ya yi arziki. A nan Manchesta aka kafa ƙungiyar BCGA a 1902, wadda ta yi ta sayen audugar ƙasarmu, kuma da dogo ya iso Ƙaura a 1929, gyaɗa da auduga ya riƙa kwasa yana gangarawa da su bakin teku. Kakanninmu sun noma, an loda, an kawo. Yau jikansu ya biyo sawu, an ce masa kada ya kuskura auduga ta taɓa tsumman roba.

Shanya kuwa ita ce jarrabawa. Ba a murɗe ta, matsewa ake yi a hankali, a kakkaɓe, a rataye ta bakinta na kallon ƙasa don ruwan ciki ya tsiyaye. Ba a ɗora ta kan hita, zafi yana ƙona bakin zaren ya yi kaushi. Idan injin busarwa za a sa ta, sai a mafi ƙarancin zafi. Ta fatar tunkiya ma ta fi iyayi, da hannu ake wanke ta, a taje gashinta. To ina ranar da za ta busar da su? A watan nan kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, kuma yini guda kana iya neman rana ba ka ga ko ƙyallinta ba, sai yayyafi. Safar da ta kwana da danshi kuwa wari take yi, idan ka zura hannu da asuba sanyinta har cikin haƙori. Shi ya sa nake tahowa da su ɗakina. Igiyar da na ɗaura don kayana yanzu tasu ce, wandona yana kan ƙofa yana jiran layi.

Na ba wani ɗan Gusau da zai taho gida safa guda uku ya kawo maka. Biyu na jiki, baƙar ta taya. Ka nemi bokiti na biyu, na san rowarka, amma ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ba zai karya ka ba. Ragar gindi kuwa, tsohon kwandon roba ka yanka ka kifa. Ku matsalarku ba rana ba ce, ƙura ce. Idan ka shanya ta a fili cikin hunturun nan, kafin la'asar iska ta cika ta da yashi, ka yi wankin banza. Ka rataye ta cikin ɗaki ko a zaure inda iska ke ratsawa, idan ta bushe ka kakkaɓe ka sa a leda mai tsabta. Ka fara watsa wa mota ruwa sosai kafin safa ta taɓa ta, musamman waɗanda suka sha jar ƙasar hanyar Zurmi. Kada kuma ka tsoma ta a gulbin Gagare ka ce ka ɗauraye, rairayin da ke ciki ya ishi gini.

Sharaɗina guda: kada in ji labarin yaran gida sun sa ta suna tsaron raga a ƙwallon yamma, ko kai ka zura ta kana hawa babur da asuba don sanyi. Na san halinka. Ka ƙara wa masu motoci kuɗi kuma, ka ce wankin Ingila ne, ɗaliban makarantar Foli za su yarda.

Ka tambaye ni ko na shiga filin ƙwallon Old Trafford. Na wuce ta gefensa a bas, yana nan lafiya. Kuɗin tikiti ɗaya sai ya ci mini wankin motoci masu yawa, don haka kai da ke gidan kallo a Ƙaura ka fi ni ganin wasan, har da maimaici.

Maganar kuɗin shara, ka lissafa safar nan a ciki, mun rabu lafiya har baɗi. Ka gaida Gwaggo, ka ce ta sa ni a addu'a, kuma idan ɗan Gusau zai dawo a ba shi yaji da daddawa da kuka. Ka naɗe su da kyau, kada ka ce za ka zuba a cikin safar.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Manchesta.