Neman Motar Kwanan Daji

Da Allah Ya nufe ni da ajiye aikin koyarwa, aka kuma biya ni ɗan abin sallama bayan jiran da ya isa a haifi yaro a yaye shi, sai wani buri da na daɗe ina ɓoyewa ya fito fili, wato in mallaki mota mai jan ƙafa huɗu, wadda cikinta zai ɗauki katifa da risho da buta da akwatin littattafai, in hau tsaunin Mambila da ita, in kwana duk inda dare ya riske ni. Shekara da shekaru ina karantar da yara cewa Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, kuma gandun dajin Gashaka-Gumti ya fi duk gandayen dajin ƙasar nan faɗi, alhali ni kaina iyakata taswirar da ke rataye a bangon aji.

Uwargida ce ta fara jin wannan ƙuduri. Ta saurara cikin ladabi har na kai aya, sa'an nan ta ce, "Malam, kwanan daji ai na wanda mota ta lalace masa ne. Kai kuma kuɗi za ka sa ka saya?" Na bayyana mata cewa a Turai attajirai ne ke yin haka domin hutun rai, ta ce to, Allah Ya ba su lafiya.

Na yi istihara, na nemi dillali, Allah kuwa Ya haɗa ni da wani mai fasahar harshe, wanda tun kafin in gama sallama ya ɗaukaka ni zuwa Alhaji. Land Cruiser muka fara dubawa, da na ji kuɗinta sai na gaishe ta daga nesa, muka wuce. HiAce kuwa, waɗanda muka tarar duk na baya kaɗai suke ja, kuma haya tsakanin Kano da Legas ta gama shanye musu ruwan jiki. Daga nan masana suka yi ittifaƙi a kan cewa maganin mas'alata shi ne Mitsubishi Delica, wata 'yar bas mai dogayen ƙafafu wadda mutanen Japan suka ƙera domin hawan duwatsu.

Ta farko da aka nuna mini an yo ta ne da sitiyari a dama, bisa al'adar ƙasarsu. Da yake mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama, sai wani gwanin maƙeri ya ciro sitiyarin ya dasa shi a hagu, ya bar sauran al'amura a hannun ƙaddara. In ka nufi ba da sigina sai abin share gilashi ya kama rawa, ƙofar fasinja kuma tana buɗewa ne ta tsakiyar titi, ta yadda duk wanda ya sauka sai ya fara da kalmar shahada. Dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, a daji wa za ka ba sigina?" Hujja ce mai ƙarfi, amma ban karɓa ba.

Ta biyu 'yar Kwatano ce, fentinta na ɗaukar ido, agogonta na shaidar cewa ba ta yi wata tafiyar kirki ba, ko da yake robar da ke kan birki da kuloci ta cinye har ƙarfe ya bayyana. An ba ni tarihinta da isnadi: wata tsohuwa ce a Beljiyam take zuwa coci da ita ran Lahadi, ba ta taɓa wuce giya ta biyu ba. Na lura dai kowace mota a filin nan ta wannan baiwar Allah ce, har na ji tausayin yawan ibadarta. Da na nemi takardun kwastan, tun da na san gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, sai mai ita ya dubi dillali, dillali ya dubi sama, can ya ce, "Alhaji, ba motar daji kake nema ba? To wannan ta daji ta shigo, da dare, ba fitila. Wace jarrabawa ta rage mata?"

Ta uku ce ta shiga raina. Takardunta cikakku, injinta na kiɗa lafiya lau, a gefen giya ga wani ɗan sanda na biyu mai rubutun 2H da 4H da 4L, wanda dillali ya riƙa shafawa da girmamawa. Na auna cikinta da taƙi, na tabbatar katifa za ta shiga har a sami wurin shimfiɗa buzu. Amma da yake na karanta babin ciniki a Risala, na san sayen abin da ba a san haƙiƙarsa ba garari ne, sai na kafa sharaɗin a gwada ta a yashi, a gaban bakanikena. Bakaniken ya ce aiki ya yi masa yawa, ya haɗa ni da yaronsa, wani ɗan siriri da ba ya magana sai an tambaye shi.

Muka fita bayan gari zuwa wani rafi da rani ya busar. A bakin gaɓa na tsaya, na yi bisimilla, na tura sandan nan zuwa 4L, wata koriyar fitila ta kama a gabana mai siffar ƙafafu huɗu, dillali ya yi kabbara. Muka gangara cikin izza, muka kai tsakiya, sai mota ta tsaya tana gurnani. Na ƙara mata wuta, ƙafafun baya suka shiga haƙa suna watsa yashi sama, na gaba kuwa suna tsaye cik kamar baƙin da aka gayyato kallo. Kafin in ɗaga ƙafa, bayanta ya nutse har salansa, hancinta ya dubi samaniya.

Dillali ya ce na gaban ba su ji yashin ya kai a tashe su ba tukuna. Na tambayi yaron ra'ayinsa, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce, "Baba, babu farfelar gaba." Ya yi mini bayani a taƙaice cewa daga akwatin da ke raba ƙarfin inji sanduna biyu ke fita, ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba, kuma masu haya kan kwance ta gaban su sayar, bisa imanin cewa tana shan mai, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Fitilar kuwa, in ji shi, sandan kaɗai take yi wa shaida, ba ruwanta da abin da ke faruwa a ƙasa. Na ce, "Ka san haka tun a fili?" Ya ce, "Na hanga, Baba, ba a tambaye ni ba ne."

Nan na juya ga dillali na karanta masa hukuncin ɓoye aibi a ciniki, tsaye cikin rana, yashi na ƙona mini tafin ƙafa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce fatawata daidai ce, sai dai aibin da ake sayar da maganinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa bai kai a ɗaga murya a kansa ba, kuma ma yana da wani ƙane a can.

Muna cikin wannan munazara la'asar ta yi, muka yi taimama da abin da ya riƙe mu, muka yi salla. Muna sallamewa sai ga wani mai amalanke ya zo ɗiban yashi da bijimai biyu. Aka yi jinga, ya kwance su, ya ɗaura igiya a gindin motar, ya yi musu tsaki sau ɗaya, suka fizge ta zuwa kan gaɓa ba tare da sun daina tuƙa ba. Na biya ladan, tun da dillali ya ce ya baro walat ɗinsa a wata rigar.

Ina ƙirga canji sai na hange shi yana zagaya bijiman, yana buɗe bakin ɗaya yana duba haƙora, yana ɗaga kofaton ɗayan. Ya ja mai amalanken gefe suka yi ƙus-ƙus, sa'an nan ya dawo da fara'arsa ya ce, "Alhaji, ƙafa takwas, duk suna ja, ba ruwanka da kwastan. Ya ce albarka, amma ka bar ni da shi. La'adata dai kamar yadda muka yi."