An Bar Jaki Ana Dukan Injekta

Ka ce injekta ba motar talaka ba ce? Na ji ka, direba. Tun daga tashar Wurno har Goronyo maganar ke nan a bakin 'yan Golf: da mota ta yi tari sau biyu, sai a garzaya gareji a ce wa bakanike, "Oga, cire min wannan fitina, maida ta kafireta in huta." A ciro kan injekta a jefa ƙarƙashin benci, a yanke wayoyi a naɗe da salatif, a ɗaura kafiretar wata tsohuwar mota da ta riga mu gidan gaskiya. Sai ka fito kana washe baki kamar ka ci gasa. Hutawa kam an huta, amma mai gidan mai ne ya huta, tunda ya samu wanda zai riƙa ciyar da shi kullum.

Ka ce ai sabon abu ne, Turawa suka ƙirƙiro jiya don su wahalar da mu? Haba malam, ina ka baro lissafi? Tun 1967 Volkswagen ta fara sayar da mota mai feshin mai na lantarki, ƙirar kamfanin Bosch na Jamus. Ita kanta Peugeot 504 da kake rantsuwa da ƙarkonta, tun fitowarta a 1968 akwai mai injekta a cikin danginta. Golf 3 ɗin da kake danƙara wa buhunan albasa har but ya ƙi rufuwa, a 1991 aka fara ƙera ta. Wato abin da kake kira yaro ya girmi dam ɗin Goronyo, wataƙila ma ya girme ka.

Bari in buɗe maka bonet, tunda kai iyakarka duba baƙin mai da zuba ruwa a lagireto. Yawancin Golf 3 masu inji 1.8 da suka shigo mana ta Kwatano, bakin feshinsu guda ɗaya ne tak, yana zaune a saman inji, a daidai inda kafireta ke zama. Famfo a cikin tanki yana turo mai da ƙarfin da bai wuce kimanin bar 1 a ma'aunin matsi ba. 'Yar kwamfutar da kuke kira ƙwaƙwalwa kuma tambaya uku zuwa huɗu take yi: yaya zafin ruwan inji, nawa aka taka totur, inji na juyawa da wane sauri, me hayaƙin salansa ke cewa. Daga amsar sai ta auna mai, tana neman kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Shi ke nan. Babu aljani a ciki. Idan aka yi mata ƙarya a amsa ɗaya, sai ta yi awon banza, kai kuma ka ce ta haukace.

Wa ke yi mata ƙaryar? Kai mana! Ranar da motar ta iso hannunka, abu na farko da ka sa aka yi shi ne cire tamostat, aka haɗa fanka kai tsaye tana hurawa tun daga murɗa makulli. Ka ce ai nan Sakkwato ce, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40? Gaskiya ne, ni ma ba a Jos nake kwana ba. Amma an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa 90. Idan ka hana shi kaiwa can, musamman da sanyin asubar hunturu, na'urar auna zafin ruwa za ta yi ta gaya wa kwamfuta cewa inji bai farka ba, ita kuma ta yi ta ƙara mai. Ciro filogi ɗaya ka gani: baƙi ƙirin, kumatunsa duk kunkunniya. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. Wannan baƙin kuɗinka ne ya ƙone rabi da rabi.

Sai maganar tanki. Kar ka kau da kai, da kai nake. Yaushe rabon da allurar manka ta ga rabi? Lita biyar a Achida, lita uku a hannun ɗan bumburutu, a jarkar da jiya aka ɗebo kananzir da ita, a mazurarin da ya kwana cikin ƙura. Famfon nan a cikin fetur yake nutse, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Ka bar shi yana lasar gindin tanki, yana zuƙar laka da tsatsa, ran da ya mutu a hanyar Rabah kuma ka ɗora hannu a ka kana tsine wa Jamusawa. Ka ce ai man ƙasar ne ba kyau? A nan kam ba zan yi maka musu ba, kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka yi ta mutuwa a titi. Amma maganin gurɓataccen mai matata ce, kuma ga ta can ƙarƙashin mota kusa da tanki, tun zuwanta daga Turai ba wanda ya gaishe ta.

Ga wadda ta fi ba ni dariya. Mota ta ƙi tsayawa a silo, tana hawa tana sauka, tana mutuwa in an taka burki. Sai yaron gareji ya zo da sukundireba yana laluben inda zai murɗa, don haka ya saba yi wa kafireta. Babu abin murɗawa, ɗan'uwa! Wani ɗan ƙaramin inji ne a gefe ke riƙe silo bisa umarnin kwamfuta. Sukurun da ka ga an ɗiga masa fenti, an ɗiga ne don a ce maka kar ka taɓa. Abin da ya kamata a yi ko sisi ba ya ci: a bar mota tana aiki, a kama kan injektar a ɗan girgiza. Idan ƙarar inji ta canza, robar da yake zaune a kanta ce ta tsage, zafi da gargadar hanya sun cinye ta, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Roba guda. Saboda ita aka yanke wa motoci da yawa wayoyi kaf.

Haka in ta ƙi tashi da safe. Kafin ka tara yaran unguwa turi, kashe rediyo, murɗa makulli, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfo mai rai yakan yi ɗan gunji na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka ji shiru? Duba fiyus, duba rile, duba wayar da ta ɗaure batir da jikin mota, wadda ta yi kore don tsufa. Sai an gama da waɗannan ake zargin ƙwaƙwalwa, ita ce kuwa ta fi kowa daɗewa ba ta lalace ba, sai dai in ruwan wanki ya shige ta ko wani gwani ya juya kan batir. Amma ina! Ita ake fara kamawa, don ita ce ba ta da bakin kare kanta.

Yanzu kawo babbar hujjarka, na san ka ɓoye ta. Ka ce kafireta ko a gindin bishiya a kwance ta, a hure ta da baki, a ci gaba da tafiya, injekta kuwa sai an nemo rewaya mai na'ura daga cikin Sakkwato. Kuma a halin rashin tsaron da gabashin jihar nan ke ciki, ba mai son magariba ta same shi da matacciyar mota tsakanin gari da gari. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma na ba ka gaskiya. Sai dai tambaya ɗaya: me ya fi kashe mota a hanya? Famfo, rile, da wayar da aka murɗe da haƙori. Rile da fiyus sun shiga aljihun riga. Famfo kuwa yakan yi gargaɗi kafin ya tafi: yana kuka, mota na shaƙewa in ta ɗauki kaya a hawa. Kai ne kake ƙara sautin waƙa don kar ka ji.

Da can, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya yafe wa kafireta ɓarnarta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowane ɗigo da ya fita ta salansa bai ƙone ba, daga kuɗin cefane ya fito. Je ka tambayi abokinka da ya maida tasa kafireta bara, lita nawa yake sha zuwa Goronyo da dawowa yanzu. Ka lura da kyau, zai fara ba ka labarin tsadar taya.