Baffa, ga yadda za ka binciki manemi jami'in talla

Yaro ya zo neman 'yarku a unguwar Haj Yusuf ta Sudan, an tambaye shi sana'a, ya gyara wuyan riga ya ce shi jami'in talla ne a kamfani. Iyaye mata na cikin ɗaki suna hango faranti a ka, samarin gida na hango mota mai sanyi. Kai ne waliyyi, Baffa, bincike a wuyanka yake.

Fara daga ƙasa. Katin da ya rataya a wuya kowa na iya bugo shi a shagon hoto, don haka dubi takalmi. Mai yawo da samfurin madara ko sabulu daga Suƙ Sitta har Suƙ Libiya ta Omdurman, dundunniyar takalminsa ta cinye ta gefe guda, ƙura ta shiga ɗinkin ta yi gida. In takalmin na ta ƙyalli, tambayi na wane aboki ne. Daga nan ka bi shi da hanya: ta wace gada yake tsallaka kogi? Gadar Shambat, mai haɗa Bahri da Omdurman, ta karye a Nuwamban 2023. In ya ce ta kanta ya yi ta kai kaya a 2024, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi ƙofa.

Inda za ka baje tabarma ka zauna shi ne tarihin aiki, domin nan ne baki ke yi wa mutum gini. Zai ce ya shekara goma yana tallar kaya a Facebook. Madalla, da wane kati yake biya? Takunkumin Amurka ya hau Sudan a 1997, ba a ɗage shi ba sai 2017, kuma a tsawon lokacin katin bankin gida ba ya aiki a waje. Wanda ya yi aikin da gaske zai ambaci ɗan uwansa na Jidda ko Dubai da ke biya masa. Tambaye shi me ya yi a Yunin 2019, da aka datse intanet ɗin waya fiye da wata guda. Ɗan gaske zai ja dogon numfashi ya ba ka labarin fasta, da rediyo, da lasifika a bayan raksha, wato babur mai ƙafa uku. Ka ƙara masa da Fabrairun 2021, lokacin da gwamnati ta mayar da dala daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma. Duk wanda ya riƙe takardar farashi a wancan makon bai manta abin da ya ji daga bakin masu kanti ba.

Amma in ka ga giɓi a takardunsa daga 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, don Allah kada ka riƙe shi da wannan. Masana'antun Bahri da yawa an wawashe su ko an ƙona, ma'aikata sun watse zuwa Atbara, Bur Sudan, Kasala da Masar. Wanda ya ce maka a lokacin ya koma sayar da turare ta WhatsApp ana turo masa kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, ya ciyar da uwarsa da ƙannensa, wannan ka matso masa da matashi ya jingina.

Shaida kuwa, kada ka nema wajen abokansa. Sayi agashe ka zauna wajen mai kantin unguwa, ka tambaye shi game da jami'in tallan nan: in kaya sun lalace yana dawowa ya karɓa, ko sai ya sauya layi? Mai shayin bakin titi ita ma ta san ko yana biyan bashi.

Batun samu, ka gaya wa mata su sassauta lissafin lefe. Albashin irinsu ɗan kaɗan ne, sauran kamasho ne da ke hawa da sauka da ciniki. Kuma kada ka sa ranar yanke sadaki a makon ƙarshen wata. Lokacin yana can yana bin kantuna ya cika adadin da aka ɗora masa, ko kai ka kira sai bayan isha zai ɗauka.