Wahala da Takardar Izini

A kwazazzabon Grand Canyon na Amurka, sai mutum ya biya kuɗi ya karɓi takardar izini kafin a bar shi ya goya ƙatuwar jaka ya kwana a ƙasan kwazazzabon.

Wani makiyayin Tibiri ya ji wannan sai ya riƙe baki. Shi ma kwari yake bi: Dallol Mawri, tsohon kogin da ya ƙafe, wanda ya ratso Dogon Dutsi ya gangara Gaya. Zangonsa rijiya zuwa rijiya. Cikin kwarin ruwa kusa yake, igiyar guga gajera. A kan tudu sai an ja har hannu ya yi kanta. Gora a kafaɗa, sanda a wuya, tabarma da tukunya kuwa aikin jaki ne.

Abin da ya fi ɗaure masa kai: can ma akwai alfadaran haya, amma Bature ya ce shi zai ɗauki kayansa.