Darasin Ganyen Kaka a Dajin Bronx

A jihar New York, duk wanda ya ce zai karantar da 'ya'yansa a gida sai ya sanar da hukumar ilimi kafin 1 ga Yuli, ya kai tsarin karatun shekara, ya cika awa 900 idan yaran 'yan firamare ne, sannan ya riƙa aika rahoto sau huɗu a shekara. A gidanmu uwargida ce ke ɗauke da wannan kaya. Da safe hadda, da hantsi lissafi da Turanci, bayan azahar Hausa. Ni nawa tuƙin tasi ne da cewa "madalla".

Da Oktoba ta kama, sai ta kawo ƙara a kan darasin insha'i. Littattafan koyon rubutu na wannan lokacin cike suke da kabewa mai haƙora da mayu a kan tsintsiya saboda bikin Halowin, ita kuwa ta bi ta yage shafukan har littafin ya rame. Abin da ya rage shi ne ganye. Babban ɗanmu ya rubuta mata: "Ganye ja ne. Ganye ya faɗi. Alhamdulillahi." Ya ajiye biro.

Na ce, "Hajiya, ba a ɗaki ake koyon wannan ba. Ki bar ni da su."

Ta dube ni ta ce, "Allah Ya ba da sa'a, Malam." Ban so yadda ta ja maganar ba.

Na kwashe yaran zuwa gandun Van Cortlandt. Gaskiya wurin ya isa a yi tasbihi. Itatuwa sun rine, wannan rawaya, wancan ja jawur. Na tsaya na zuba musu bayani: idan yini ya gajarta sanyi ya shigo, itace kan daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, sai rawayan da ke ɓoye tun bazara ya bayyana, jan kuwa sabo ake ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a ganyen. Na ce kowa ya nemo ganye ɗaya, ya duba, ya shafa, ya shinshina, ya yi tunani kan ikon Allah, sannan ya rubuta.

Malami ai shi ke fara nuna misali. Na hango wani tsiro ya nannaɗe gindin itace, ganyensa uku-uku, ja mai sheƙi, duk dajin babu kamarsa. Na kai hannu. 'Yarmu ta tsakiya ta ce, "Abba, littafin kimiyya ya ce kada a taɓa mai ganye uku."

"Ke, ni da na yi kiwon awaki a daji za ki koya wa ganye?"

Na tsinka, na murza tsakanin yatsu, na kai hanci, har na goga a kumatu don in nuna musu ma'anar santsi. La'asar ta yi, na zuba ruwan gora na yi alwala, na bi fuska da gemu da kunnuwa na shafe tsaf, ban bar ko lungu ba.

Daren farko lafiya lau, har na yi wa uwargida gori. Washegari da dare na farka ina susa da hannu biyu. Wanda ya taɓa faɗawa cikin karara zai gane rabin abin da nake nufi. Kafin asuba ido ɗaya ya rufe, kunnuwa sun yi suntum. Likita na ganina ta tambaya ko na shiga daji. Tsiron shi ne Amurkawa ke kira foizin aibi. Wani mai ne a jikinsa, sunansa urushiyol, ruwa zalla ba ya fitar da shi sai da sabulu, kuma ƙaiƙayin kan jira yini ɗaya ko biyu kafin ya fito. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta ce in shafa kalamin, wani ruwan magani mai launin hoda. Haka na je Juma'a, sahu cike amma gefena akwai fili.

Ina kwance a falo sai na ga yaran sun kewaye ni da littattafai, uwarsu na tsaye tana cewa, "Ku duba da kyau, ku rubuta launi, ku rubuta girma. Ban da taɓawa." Mai jimla ukun nan ya cika shafi biyu. Ya rubuta cewa kunnen Abba na dama ya fi na hagu ja, leɓensa ya riga shi shiga ɗaki, kuma a cikin wannan akwai aya ga masu hankali. Auta ta zana hoto.

Uwargida ta ba shi maki goma bisa goma, ta soka takardar a fayil ɗin rahoton hukuma. Sannan ta juyo da biro a hannu ta ce, "Malam, zaman da muka yi da su a asibiti, in sa shi a awannin kimiyya ko na kiwon lafiya?"