Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dogon Ƙarfen Sabis

Zuwa ga Mai Girma Dogon Ƙarfe, mai jar fitila a ka, wanda ke raba mana sabis a Kambaza da kewaye.

Ranka shi daɗe,

Da fatan janaretanka bai rasa mai ba. Na so in kai kukana wurin iyayen gidanka na Legas, to amma duk wanda ya kira su, wata baiwar Allah ce ke sa shi ya danna ɗaya, ya danna biyu, har cajinsa ya ƙare. Kai kuwa kana nan tsaye rani da damina, ba ka da wurin gudu.

Ba zan yi maka butulci ba. Da MTN da Econet suka fara aiki a Agustan 2001, layi sai mai hali, kuma ko sallama kawai ka yi aka kashe, kuɗin minti guda za a cire. Aka ce mana lissafin daƙiƙa ba zai yiwu nan kusa ba. Glo ya shigo da shi a 2003, ba a jima ba kowa ya iya. Tun ranar muka gane danginka ba roƙo suke ji ba, kishiya suke tsoro.

Ga abin da ya kawo ni. Ɗan ƙanena yana jiran sunansa ya fito a jami'ar tarayya da ke Kalgo. Kuɗinsa bai kai na cikakkiyar data ba, sai ya sayi 'yar arahar nan ta WhatsApp da Facebook. Abokansa suka turo adireshin shafin makaranta, ya danna, abin ya yi ta juyi kamar ba zai tsaya ba. Ya hau katanga, ya ɗaga waya sama, ya cire layi ya goge a riga ya mayar, shiru. Ya koma Facebook don huce haushi, sai ga bidiyon wani ɗan barkwanci yana tafiya sumul, ko tuntuɓe babu. Ranka shi daɗe, iskar da ta ɗauko barkwanci ita ce ta kasa ɗauko sunan yaro? Ko kuwa leƙawa kake yi ka ga inda mutum ya nufa kafin ka yanka masa farashi?

Idan na shiga mota zuwa Jega, direba ba ya tambayata ko ɗaurin aure zan je ko asibiti. Kujera ɗaya, kuɗi ɗaya. Ranar da ya ce mai zuwa kallon dambe ya biya rabi, mai zuwa makaranta ya biya cikakke, fasinjoji za su san akwai abin da ke tsakaninsa da masu damben. Abin da masana ke kira daidaito a intanet bai wuce wannan ba: mai hanya ya ɗauki kowa, kada ya zaɓa wa mutane inda za su sauka.

Na san amsarka. Za ka ce arahar nan taimakon talaka ce. Da gaskiyarka ta wani gefen, don na ga manomin albasa ya ɗauki hoton buhunansa ya tura wa dillali a Kudu, suka yi ciniki bai taka Aliero ba. Sai dai ka duba wanda aka bari a waje. Yaron Birnin Kebbi da ya ƙirƙiri manhajar farashin amfanin gona ba ya cikin ƙunshin arahar. Duk mai son leƙa manhajarsa sai ya biya cikakken kuɗi, attajiran Amurka kuwa an share musu hanya har cikin ɗakunanmu. Yau a garin nan akwai wanda idan ka ce intanet, Facebook yake ji, ba don ya zaɓa ba, don ita kaɗai ce ƙofar da aljihunsa ke iya buɗewa.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. A Fabrairun 2016 Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa shafin da mutum zai shiga, shirin Free Basics na Facebook ya tattara ya bar ƙasar. A watan Mayun shekarar aka buɗe shi a Najeriya tare da Airtel, muka yi masa lale marhabin. Amurka kuwa ta kafa dokar daidaiton a 2015, ta soke a 2017, ta maido a 2024, kotu ta sake rushe ta a farkon 2025, kai ka ce rabon gado ake yi. Mu ma hukumar NCC ta fitar da ƙa'idojin intanet a 2019 da suka hana toshe halastaccen shafi ko rage masa gudu da gangan. Ban sani ba ko an karanta maka su, don na ga kanka ya yi nisa da ƙasa.

In mutum ya yi ƙorafi sai a ce ya sauya layi. Ya koma ina? MTN na riƙe da kusan rabin masu waya a ƙasar nan, Airtel na da wajen kashi ɗaya bisa uku, sauran suna lallaɓawa. A ƙauye kuwa layin da ya kama shi ne sarki. Ga shi ku dogayen ƙarafa da yawanku haya ake yi a jikinku, kamfani biyu ko uku a wuya ɗaya, ranar da janareta ya yi tari duk su ɗauke tare, mai POS ya zauna yana kallon masu jiran kuɗi suna kallonsa. Da aka amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kamfanonin ma ninki suka nema. Muka yi gunaguni, muka je muka sayi kati.

Kuma mun ga kana iya rufe ƙofa in an ce ka rufe. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an kulle Twitter, a Satumban 2021 aka kashe 'yan uwanka na Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Wannan umarnin gwamnati ne, ban ɗora maka ba, amma daga nan na daina yarda cewa kai ƙarfe ne kawai da ba ruwansa.

Buƙatata ba ta da yawa. Ka sayar mini da data guda ɗaya, farashi ɗaya, in ga dama in yi karatu da ita, in ga dama in kalli dambe. Wadda ta rage kuma a bar mini abata, a daina cewa ta mutu da tsakar dare alhali ban ji an yi mata jinya ba.

In za ka ba da amsa, don Allah kada ka turo ta irin saƙon nan da mutum ke buɗewa ya tarar an sa masa waƙar kira ana cire kuɗi duk mako.

Naka mai biyayya ba don yana so ba,
Wani mai layi biyu, Kambaza, ƙasar Gwandu.